Sun ce sai ƙofa mai shaidar FSC, don Allah wa ya san kan abin nan?

Sani_Kyaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman wanda ya san kan wannan abu ya fahimtar da ni kafin in sa hannu a abin da zai zo ya fi ƙarfina. Wani aiki ne ya zo min ta hannun wani injiniya da muka daɗe muna hulɗa, ofis ne na wata ƙungiyar ƙasar waje da ake gyarawa a nan Abuja, ƙofofin ciki guda 46 har da na banɗaki. Aikin ƙofa ba baƙona ba ne, na fi shekara goma a cikinsa, amma a takardar da suka ba ni an rubuta dole katakon ya zama mai shaidar FSC ko PEFC, kuma sai na kawo takardu kafin a biya cikon kuɗi. Na shiga kasuwa na tambayi mutum huɗu, uku suka ce ba su taɓa jin abin ba, na huɗun ya ce ai ba komai ba ne sitika ce, in kawo kuɗi ya sa a bugo min a manna a jikin kowace ƙofa. Wallahi zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Mene ne shi wannan abin? Ana samu a ƙasar nan? Kuma da gaske akwai bambanci tsakanin ƙofar da ke da shi da wadda ba ta da shi, ko dai hanyar ƙara kuɗi ce kawai?

DanKatako_Naibawa:
Wa alaikumus salam. Maigida ni shekarata ashirin da 'yan kai ina sayar da katako, daga afara zuwa obeche zuwa malaina ba wanda bai bi ta hannuna ba, ba wanda ya taɓa tambayata wannan takarda. Mu abin da muka sani shi ne takardar jiha da direba ke riƙowa ya nuna a shingaye. Wannan kuwa abin Turawa ne.

Injiniya_Bash:
Malam Sani da farko dai ka nisanci maganar sitikar nan, kar ma ka sake komawa wurin mutumin kan wannan batu. Kowane tambarin FSC na gaskiya yana ɗauke da lambar lasisi, tana farawa da FSC-C sai lambobi shida su biyo baya, kuma akwai shafinsu a intanet da kowa zai iya shigar da lambar ya ga sunan kamfanin da ke da ita, ƙasar da yake, irin kayan da aka yarje masa ya sayar da kuma ko takardarsa na aiki ko an dakatar da ita. Masu duba aikin irin waɗannan ƙungiyoyi minti biyu ya ishe su su gano. In suka kama ka ba cikon kuɗin kaɗai za ka rasa ba, har injiniyan da ya kawo ka sai ya shafa.

FSC da PEFC ƙungiyoyi ne na duniya masu ba da shaidar cewa katako ya fito daga dajin da ake kula da shi. Abin kuma hawa biyu ne. Akwai shaidar da ake ba wa masu kula da daji, wato masu bincike sun je sun ga yadda ake sara, ana barin dajin ya farfaɗo, ba a taɓa bakin rafi da wuraren da aka keɓe, ana biyan ma'aikata haƙƙinsu, mutanen da ke zaune a gefen dajin ba a danne su ba. Sai shaida ta biyu ta bin sawun katako daga hannu zuwa hannu, daga mai sara zuwa injin tsaga, zuwa masana'antar ƙofa, zuwa babban dila. Kowa a cikinsu sai yana da tasa takardar kuma ya rubuta lambarsa a rasit. Shi ya sa suka ce ka kawo takardu, rasit ɗin ne abin da suke nema, ba sitika ba.

Ustaz_Nura:
Ko ba don tsoron kamu ba ɗan'uwa, Manzon Allah SAW ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ka manna wa kaya shaidar da ba tasa ba ka karɓi kuɗi a kai, algus ne tsantsa. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya.

Sani_Kyaure:
Amin Malam. Injiniya na gode sosai, ka buɗe min ido. To amma ga wata tambaya, in na samo allon katako mai shaidar na haɗa ƙofofin a shagona fa? Don ni na fi yarda da aikin hannuna a kan waɗannan da ake shigowa da su.

Injiniya_Bash:
Nan ne gizo ke saƙar. Da zarar ka yanka ka sarrafa shi a shagon da ba shi da tasa takardar, igiyar ta tsinke a hannunka. Kana iya cewa da katako mai shaida ka yi, ka nuna rasit, amma ba ka da ikon kiran ƙofar mai shaidar FSC ko ka sa mata tambari. Wasu masu aiki suna karɓar hakan wasu ba sa karɓa, don haka ka tambaye su a rubuce tun yanzu, kar sai ka gama a zo ana jayayya.

Hamza_Jamus:
Bari in ɗan ƙara a kan bayanin Injiniya tunda a nan abin ya zama ruwan dare, har a jikin kwalin madara da takardar bayan gida kana ganin tambarin, wata 'yar bishiya ce haɗe da alamar maki. An kafa FSC a 1993 bayan taron duniya na Rio a 1992 ya tashi ba a cimma wata yarjejeniya mai ƙarfi kan dazuzzuka ba, ofishinsu na farko a Oaxaca ta ƙasar Meziko yake, daga baya a 2003 suka dawo Bonn nan Jamus. PEFC kuma 1999 aka kafa ta, hedikwatarta na Janeba, ita tsarin kowace ƙasa take dubawa ta amince da shi, masu ƙananan dazuzzuka na Turai ne suka faro ta.

Sannan ka lura tambarin FSC kala uku ne. Akwai FSC 100% wanda duk katakon daga daji mai shaida ya fito, akwai FSC Recycled na kayan da aka sake sarrafawa, sai FSC Mix wanda gauraye ne, kuma yawancin ƙofofin ciki shi za ka gani a jikinsu saboda ƙofa ɗaya tana iya haɗa abu huɗu ko biyar, firem daban, allon fuska daban, kwalin ciki daban, fatar katakon da aka lulluɓe ta da ita daban. Ka duba takardarka ka ga wanne suka rubuta don 100% ya fi wuyar samu nesa ba kusa ba.

Ummu_Haidar:
Ni dai tambayata ita ce wadda Malam Sani ya yi a ƙarshe ba wanda ya amsa. Ina aikin ƙawata gidaje, kwastoma ba ruwanta da daji, abin da take so ƙofa ta rufu ta buɗu lafiya. Shin mai shaidar ta fi ƙwari?

Injiniya_Bash:
Hajiya a'a, kuma gara a faɗa ƙarara. Shaidar tana magana ne kan inda itacen ya fito, ba ta magana kan ingancin ƙofar. Za ki iya samun ƙofa mai tambari wadda cikinta kwali ne mai kama da saƙar zuma, yaro ya buga mata ƙwallo ta burme. Za ki iya samun ta katakon loko ba tambari ta kai jikoki. Abin da ke kashe mana ƙofa a arewa ma ɗanyen katako ne. A sare shi a kudu da danshinsa, a tsaga a ɗoro a tirela, kafinta ya haɗa da damina, hunturu na kamawa sai ki ga ta tsage ko ta murɗe, makulli ya daina shiga. Abin da za ki tambaya shi ne an busar da katakon ko ba a busar ba, akwai ɗan ƙaramin na'ura da ake soka masa ya nuna yawan danshin, na ƙofar ɗaki kar ya wuce kashi 12 cikin ɗari.

Ummu_Haidar:
Wannan kam na sha shi. Wani gida da na yi aiki bara ƙofa bakwai muka cire da sanyi, duk sun buɗe baki a mahaɗa har kana hango hasken ɗaki ta ciki, ni aka kira aka yi wa faɗa alhali ba ni na sayo katakon ba. To in ba ta fi ƙwari ba me zai sa mutum ya ƙara kuɗinsa?

TsohonMalaminDaji:
'Yata bari in ba ki amsa da abin da idona ya gani. Na yi aikin gandun daji a Taraba har na yi ritaya. Akwai bishiyar da muke kira madobiya, 'yan kasuwa suka laƙaba mata suna madrid. Da can ba ta wuce a yi turmi ko a sassaƙa wani abu, makiyaya su sassabo ganyenta su ba dabbobi da rani. Da masu saye daga Chana suka gano ta don kujerun alfarma da suke yi da jan katako, cikin 'yan shekaru ƙalilan aka bi duwatsu da kwazazzabai ana kwantar da ita. Dare da rana ƙarar inji, tireloli na fita da gungume zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. Yara suka bar makaranta da gona suka shiga daji don kuɗin yau, wasu itace ya danne su, wasu mota ta kife da su a kan dutse. Da manyan suka ƙare aka koma kan waɗanda ko kaurin cinya ba su kai ba. A 2016 aka sa madobiya a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, amma kafin nan ɓarna ta riga ta yi nisa. A 2022 a taron CITES na Panama aka ƙara da maɗaci da kawo. Ki ji fa, maɗaci, wanda kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yake da layinsa a bakin hanya.

Duk wanda ya sayi kujerar nan a can bai san daga ina ta fito ba kuma bai tambaya ba. To wannan tambayar ita ce shaidar nan take ƙoƙarin tilasta wa mutane su yi. Ban ce ta warware komai ba, amma ni da na ga dutse ya koma tsirara a gabana ba zan ce mata hanyar cin kuɗi ba.

DanKatako_Naibawa:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce kuma ta taɓa ni. Amma ka dubi namu ɓangaren. Ni mota ake sauke min, wanda ya kawo daga wani ya saya, shi ma wancan daga masu inji a daji ya tara, katakon mutum goma ne a mota ɗaya. Wa zan tambaya? In na ce sai da takardar asali gobe ba wanda zai sauke min, maƙwabcina zai karɓa. Kuma kuɗin kawo masu binciken nan duk shekara wa zai biya? Wanda ke da rumfa ɗaya da yara uku?

TsohonMalaminDaji:
Ban ɗora maka laifi ba ɗana. Laifin ya fi yawa a inda ake ba da izini. Dazuzzuka a ƙasar nan a hannun jihohi suke, kuma da yawa sun ɗauke su wurin tara haraji kawai, a karɓi kuɗi a buga hatimi a gungume, ba wanda ya ƙirga bishiya nawa ce a dajin balle a san nawa ya kamata a cire. In ba ƙirga ba tsari, wane mai bincike ne zai zo ya sa hannu? Tun ran gini tun ran zane.

Baba_Sokoban:
Salamu alaikum daga Kumasi. Mu nan Gana mun daɗe da jin irin waɗannan maganganu saboda katakonmu Turai yake zuwa. Tun 2009 ƙasarmu ta sa hannu da Tarayyar Turai kan yarjejeniyar tabbatar da halaccin katako, mu ne na farko. Manyan kamfanoni masu fitarwa waje suna da takardunsu tsaf. Amma tsaga katako da injin hannu a daji don sayarwa an hana shi tun 1998, kuma har gobe shi ne ya cika kasuwar gida, don mai kyau mai takarda waje yake tafiya, ɗan ƙasa sai abin da ya samu. Shawarata ga Malam Sani ya nemi masu fitarwa waje, ba masu rumfa ba, ko a Gana ko Kamaru ko Gabon.

Hamza_Jamus:
Gabon kam sun yi nisa. Tun 2010 suka hana fitar da gungume ɗanye sai an sarrafa a gida, a 2018 kuma shugabansu na lokacin Ali Bongo ya ce duk mai riƙe da daji sai ya nemi shaidar FSC. Itacensu okume shi ake feƙewa a yi allo mai hawa-hawa da ake fuskar ƙofa da shi.

Amma don adalci kar mu mai da tambarin nan kamar wahayi. Ƙungiyar Greenpeace mai fafutukar kare muhalli tana cikin waɗanda aka kafa FSC da su, amma a 2018 uwar ƙungiyar ta janye daga zama mamba don tana ganin tsarin ba ya kare dazuzzuka yadda ya kamata a wasu ƙasashe. Babban abin da ake suka shi ne kamfanin da za a bincika shi ke biyan mai binciken. An sha samun rahotannin katakon haram da ya shige cikin layin mai shaida a gabashin Turai. A 2022 ma bayan yaƙin Yukren ya ɓarke an dakatar da cinikin katakon Rasha da Belarus da tambarin.

Aliyu_QS:
To ka gani. Ni fa abin da ke ci min rai ke nan. Su suka kwashe mana loko da maɗaci tun zamanin mulkin mallaka, har wani katako sunan garin Sapele yake amsawa a kasuwar duniya saboda yawan wanda aka loda daga can, yanzu kuma sun dawo sun ce sai da takardarsu za mu sa ƙofa a ofis a cikin ƙasarmu. Ƙarshenta Malam Sani zai sayo ƙofa daga Turkiyya, kafintocinmu su rasa aikin, jirgi ya ƙona mai ya kawo ta, a ce wai an kare muhalli.

Injiniya_Bash:
Aliyu rabin maganarka ina tare da kai, musamman batun kafintocinmu. Amma tarihin kwasar da aka yi mana ba zai dawo da bishiya ko ɗaya ba, kuma madobiyar da Baba ya ba da labari da hannunmu muka sare ta. In muna da namu tsarin da duniya ta yarda da shi ba wanda zai kawo mana nasa.

Abdou_Maradi:
Gaisuwa ga kowa. Ina ta karatu ban sa baki ba don mu nan ba mu da dajin katako, na gini daga kudu yake zo mana, har kasuwar Katako ta Yamai. Amma ina so in ce kula da itace ba sai da tambari ba. Nan jihar Maradi tun shekarun 1980 manoma suka koma sassabin zamani, wato in kana sharar gona ba ka tumɓuke kututture, sai ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su ka rage sauran. Gawo, kalgo, sabara, duk haka suka dawo, ana maganar hekta wajen miliyan 5 a ƙasar. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba wanda zai zo ya ci shi tara don ya sari reshe a gonarsa. Can wajen Gaya kuma giginya ce, mutanen ƙauyuka ke tsaron ta da kansu. Kakanninmu da azara suka yi rufi, gara ba ta cin ta, wasu soraye har yau suna tsaye.

TsohonMalaminDaji:
Malam Abdou ka faɗi abin da na daɗe ina faɗa a ofis ba a saurara ba. Wanda ya san bishiya tasa ce ba ya barin a sare ta tana ƙarama.

Maman_Ilham:
Don Allah ku yi haƙuri in ɗan karkata, tunda ana maganar ƙofofin waje. Mun sa irin na garin katako da aka matse ɗin nan a gidanmu, wata biyu ɗakin yara na wani wari mai yaji har ido na ruwa. Shi ma wannan shaidar ta shafe shi?

Injiniya_Bash:
A'a Hajiya, wannan daga gam ɗin da ake matse garin katakon da shi ne, yana fitar da wani sinadari da ake kira fomaldihaid. Ma'auninsa daban ne, ki nemi alamar E1 a jikin allon ko a takardarsa. Yanzu dai ki riƙa buɗe tagogi sosai, in da hali yaran su koma wani ɗakin har warin ya lafa. Kuma irin wannan ƙofar kar a sa ta a banɗaki, ruwa na taɓa gindinta take kumbura. Malam Sani kai ma ka lura da wannan a naka na banɗakin.

Sani_Kyaure:
Na lura Injiniya. Ga inda aka kwana, na kira injiniyan da ya kawo ni na karanta masa abin da kuka rubuta, ya tura musu tambaya a rubuce. Sun amsa cewa FSC Mix ya wadatar, kuma ƙyauren ne dole ya zo da shaida da rasit mai lamba, amma firem sun yarda in yi a shagona in dai ba maɗaci ko kawo ko madobiya ba ne kuma na nuna inda na sayo. Ina tunanin malaina ko tik na shuka. Akwai wani mai shigo da kaya a Legas da ya turo min lambar masana'antar da yake saye a wurinta, na shigar a shafin da Injiniya ya faɗa kuma sunan ya fito, takardar na aiki. Sai dai farashin ya haura abin da na sa a lissafina, yanzu sai na koma mun sake zama.

Hamza_Jamus:
Ka duba abu ɗaya kafin ka tura kuɗi. Lambar masana'anta ce ya ba ka, shi kansa yana da tasa? In ba shi da ita rasit ɗinsa ba zai ɗauki shaidar ba, sai dai ka nemi kwafin rasit ɗin masana'antar da ke nuna waɗannan ƙofofin da adadinsu, sannan ka tambayi masu aikin ko za su karɓi hakan.

DanKatako_Naibawa:
Malam Sani in malaina za ka yi firem da ita ka saye ta da wuri ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, tana da jinkirin bushewa sosai, kar ka yarda da wanda zai ce maka ta bushe don ya ga bayanta ya yi fari. Baba TsohonMalaminDaji ni kuma ina da tambaya, ina da wata gona kadada biyu a ƙauyenmu da ba na nomawa, in na ce zan shuka itacen katako a ciki wanne zai yi a ƙasar Kano, kuma ina zan samu irin?

TsohonMalaminDaji:
Ƙasar jigawa ce ko tana da laka, kuma akwai ruwa kusa? Faɗa min wannan tukuna. Tik yana son ruwan sama fiye da naku, kar ka ɓata kuɗinka a kansa. In akwai danshi ni maɗaci zan ce maka, ko da yake 'ya'yanka ne za su sara ba kai ba. Ka kuma tanadi shinge kafin ka tanadi iri, don awaki ba sa barin dashe ya kai shekara.